Cibiyar Masagena

Tokar tana da sauran ɗumi lokacin da Pua Yambas ya cusa hannunsa cikin jirgin ruwan. Ya murza ta tsakanin yatsunsa, ya kai hanci. Ɓawon kwakwa ne da turaren wuta, babu ko shakka, kuma a daidai cibiyar jirgin, 'yar hudar nan da ke tsakiyarsa, aka zuba ta, wurin da shi kaɗai yake da ikon zubawa. Ya ɗago kai a hankali. Mutanensa suna tsaye a kan yashi kewaye da jirgin, Masagena, kowa ya nemi igiyar da zai riƙa ja ko ƙullin da zai riƙa dubawa, don kada ya haɗa ido da shi.

"Wa ya kunna wuta a jirgina?"

Sai ƙarar ruwa yana bugun gorar da ke gefen jirgin.

Ko yaron goye a ƙauyen ya san yadda ake yi. Ranar tsere, a gidan mai riƙe sandar tuƙi ake shimfiɗa tabarma bayan asuba, liman ya zo ya yi addu'a a kan shinkafa mai danƙo da ƙwai da ayaba. Daga nan matuƙin ya ɗauko ɓawon kwakwa mai ci da wuta, ya sauko da shi bakin teku ya turara cibiyar jirgi. Wanda ya ɗauko wutar, shi zai tuƙa. Pua Yambas ya shimfiɗa tasa tabarmar tun da ya dawo daga masallaci, ya zauna har ƙafarsa ta sage, liman bai zo ba. Shi ne ya sauko ya ga ko lafiya.

"Baddu, kai ma ka kurumce ne? Da kai nake."

Baddu abokinsa ne tun suna tsirara a wannan yashin, shi yake riƙe masa igiyar filafili, babban farin ƙyallen da ke kama iska, tun ba a haifi rabin waɗannan samarin ba. Ya yi tari, ya tofar, ya ce, "To, Yambas, ai abin... ka bari ɗanka ya zo. Ga shi nan ma tafe."

Saharang ya ƙaraso, ya durƙusa kamar yadda ya saba. Hannunsa na dama yana warin hayaƙi, uban ya ji tun kafin ya kai ƙasa.

"Baba, ka yi mini afuwa. A gidana aka yi addu'ar."

"A gidanka."

"E, Baba. Mutane ne suka ce..."

"Waɗanne mutane? Su buɗe baki mana, ga ni ga su."

Wani daga cikin samarin da ke hawa kan gora su rataya da igiya don kada iska ta kifar da jirgi ya yi ƙarfin hali. Ya ce, "Pua, ba raini ba ne. Amma mu ne a waje, ƙafa a kan gora, kai a kan ruwa. Bara da muka goga rumfar masunta, saura ƙiris ƙafata ta tafi. Ina da 'ya'ya ƙanana."

"Rana ce ta haske ni bara, na faɗa muku."

"Ranar tana bayanmu, Pua."

Kai! Wannan magana ta shige shi kamar ƙaya. Gaskiya ce, kuma shi ya fi kowa sani. Yanar ido ta fara rufe masa gani tun shekarar da ta wuce waccan, a hankali, har ya zamana fuskar mutum ba ta fita sai ya matso kusa. Da murya yake gane jama'a, da yadda suke taka ƙasa. Amma ya ɗauka, ban da na kusa da shi, babu wanda ya lura, domin ko sau ɗaya bai yi tuntuɓe a gaban mutane ba, kuma iska da wuya ake jinta, ba da ido ba.

Jirgin nasa ne. Da ya ga dama da ya ce a mayar masa da abinsa ƙarƙashin gida, kowa ya kama gabansa. Sai dai Masagena kaɗai ta rage wa ƙauyen. Tun da jiragen inji suka zo, masunta suka jingine irin waɗannan, wasu aka faskara aka dafa kifi da su, wasu gara ta gama da su. Ba don tseren nan na shekara-shekara ba da ita ma ta bi sahu. Shi ne yake rufe ta da ganyen kwakwa duk damina, shi ke kankare ta, shi ke shafa mata farin fenti, yana ji matasa masu babura suna cewa tsohon ya auri katako. In ya hana ta fita yau, sunan ƙauyen ba zai fito a lasifika ba, kuma shi za a zaga.

Ya taɓa ƙugunsa, ya ji 'yar kwalbar tana nan a naɗe cikin bakin zanensa. Sai zuciyarsa ta ɗan kwanta. Ranar da masassaƙi ya huda cibiyar Masagena, ɗan sassaƙen da ya fito aka saka a wannan kwalba cikin man kwakwa. A jikin ginshiƙin tsakiyar gida take rataye duk shekara, ranar fita kuma a ƙugun matuƙi take tafiya. Babu ɗan ƙabilarsu ta Mandar da zai yarda ya hau gora a jirgin da aka baro cibiyarsa a tudu. Su yi addu'arsu a gidan da suka ga dama, dole su zo har inda yake su roƙa.

Ya kakkaɓe tokar daga hannunsa. "Ga jirgi, ga teku. Allah ya ba da sa'a."

"Baba, ka tsaya mana mu yi magana."

"Maganar da ba a yi jiya ba?" Ya juya ya kama hanyar gida, yana taka yashin da ƙarfi don kowa ya ga ya san inda yake sa ƙafa.

Matarsa Haderia tana bakin murhu tana gasa jepa, wainar rogo, tana danna garin rogon a kan kaskon ƙasa. Ta ji hawansa a tsani amma ba ta waiwayo ba.

"Uwar Saharang, yau ban ji ƙamshin shinkafa a gidan nan ba."

"Ba ka ji ba."

"Amma kin dafa."

Ta juya wainar. "Na dafa. A can."

"Wato kin san ina zaune a kan tabarma ina jiran liman kamar wawa, kina can kina jera ƙwai."

"Matarsa ba ta iya ba, Baban Saharang. Da in bari a kai wa liman caɓaɓɓiyar shinkafa?"

"Oho, shinkafar ce damuwarki."

Ya tsaya yana kallon inuwarta a cikin hayaƙi. Tun auren ƙuruciya suke tare. Duk lokacin da ya fita teku ita take riƙe wutar murhun nan ba ta mutuwa har ya dawo, ko gishiri ba ta ba maƙwabta aro don kada arzikin tafiyar ya bi shi ya fita. Yau ga ta ta ɗauki tukunyarta ta kai wani gida, ta dawo tana gasa masa waina kamar babu abin da ya faru. Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma ya ce a zuciyarsa uwa ce, ɗanta ya roƙe ta. Ya fita baranda ya zauna ya fuskanci hanyar da ke zuwa daga bakin teku.

Ya shirya abin da zai faɗa. Zai bar Saharang ya durƙusa ya daɗe. Zai sa a kira Baddu da wancan mai bakin, su maimaita maganarsu a gabansa. Sannan ya ce shi zai tuƙa zuwa garin Majene da safe, yaron ya dawo da ita da yamma. Ai wannan adalci ne, kowa ya samu.

Babura suna ta wucewa, mata da yara suna gangarawa da lema da kujerun roba. Lasifika ta fara kiran sunayen jirage daga ƙauyukan gaɓar, ya ji an kira Masagena, ya ji ihun mutanensu. Ya gyara zama. Yanzu za su zo da gudu. Wani ya nufo tsanin, ya kasa kunne, ashe mai tallan ƙanƙara ne.

Sai jiniya ta yi kuka, ganguna suka ɗauka, ihu ya cika gari.

Pua Yambas ya miƙe tsaye, ya dafa ƙarfen baranda. Can a kan ruwa wani fari-fari yana motsi, kamar an shanya zannuwa a cikin hazo. Sun tafi. Wallahi sun tafi, kwalbar tana ƙugunsa.

Da farko fushi ne ya rufe shi. Wato raini ya kai su fita ba cibiya, su nuna wa duniya shi da kwalbarsa duk tarkace ne. Amma kafin ya koma ya zauna fushin ya juye ya zama tsoro. Safiya ba komai ba ce, iskar tana da ladabi. Dawowar ce abin ji, bayan azahar, lokacin da iskar gabas take tashi da haukanta a bayan dutsen da ya shiga teku. Ɗansa ɗaya tilo zai ratsa wurin nan da jirgi fanko, da 'ya'yan mutane a rataye a kan gora. Ubansa ya sha faɗa masa cewa jirgin da aka raba da cibiyarsa bai san hanyar gida ba.

Ya ɗauki hularsa. Haderia ta leƙo.

"Ina kuma za ka?"

"Inda aka aike ni."

"Baban Saharang, ka zauna ka ci abinci, don Allah. Kada ka je."

Bai saurare ta ba. Ya fita bakin titi ya tsayar da ƙaramar bas mai zuwa Majene, ya gane ta ne da muryar yaron mota. Aka matsa masa a kujerar baya, tsakanin buhun barkono da wasu mata biyu masu sarin kifi, da robobinsu a kan cinya. Daga maganarsu ya ji 'yan ƙauyen tudu ne, ba su san shi ba.

"Ke kin ga wadda ta fita gaba? Farar nan mai jan baki?"

"Ta ƙauyen nan ce. An ce bana ɗan ne ya hau, an sauke tsohon."

"Haba! Mutumin da ake cewa yana magana da iska?"

"Iskar ce ta rage masa, ido ya tafi. Ai ni a wurin mai ƙosai... a'a, a wurin mai soya ayaba na bakin kasuwarsu na ji. Matarsa ce ta fasa ƙwan."

"Ke dai bari!"

"Wallahi. Wai yana ɗinkin filafili, ta ga ya yi ta soka zare a gefen allura, zaren yana wucewa ta iska, shi kuma yana ja kamar ya shiga. Ta zura masa zaren a ɓoye ta ajiye. Washegari ta tara ɗan da abokin nasa ta ce in suka bar shi ya hau, ita ba ta yafe ba."

Ɗayar ta kwashe da dariya har robarta ta karkace. "Ka ji mata! Da ɗan gari akan ci gari. Ni nawa mijin ko kunnensa ne ya toshe sai na rufa masa asiri."

"Ke naki ai ba shi da abin da za a ƙwace, sai tabarma."

Direba ma ya sa baki, ya ce tsofaffin nan ba sa sakin abu sai an ɓamɓare yatsunsu. Motar ta ɗauki dariya. Pua Yambas ya sunkuyar da kai, ya ja hularsa ta rufe goshi. Ya tuna ranar allurar sarai. Ya tashi ya sha ruwa, ya dawo ya tarar da zare a ciki, har ya yi murna a ransa ya ce ashe idon bai lalace ba. Ashe ita ce. Kuma ba ta tsaya nan ba, ta ɗauki tsiraicinsa ta kai wa ɗansa da Baddu, daga nan ya isa bakin mai soya ayaba, yau ga shi a bakin matan da bai taɓa gani ba. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya zama namiji.

"Baba, lafiya? Ko motar ce take juya ka?" in ji ta kusa da shi.

"Warin kifinku ne," ya ce. Suka sake fashewa da dariya.

A Majene bakin teku ya cika maƙil. Jiragen sun riga sun iso, an jera su a kan ruwa marar zurfi, dukansu farare, dukansu sirara, a wurinsa babu bambanci. Mutumin da yake gane Masagena daga nesa tun tana ɗigo a kan ruwa, yau sai da ya tare wani mai sayar da rake ya tambaye shi ina ta tsaya. Aka nuna masa, bai ga inda aka nuna ba, ya bi gefen ruwa yana kasa kunne har ya tsinci tarin Baddu.

Suna zaune a inuwar filafili suna cin jepa da busasshen kifi. Da suka gan shi kowa ya daina tauna.

"Baba! Kai da wa? Yaya aka yi ka zo?"

"Da ƙafata. Ta nawa kuka zo?"

"Ta biyu, Baba. Tazarar ba yawa."

Ya gyaɗa kai. Duk maganar da ya shirya a baranda ta gudu. Ya kwance bakin zanensa ya ciro kwalbar, ya miƙa.

"Ungo. Ban yafe ba, kada ka ɗauka na yafe. Amma ba za ka ratsa bayan dutse da 'ya'yan mutane ba cibiya ba. Ɗaura a ƙugunka."

Saharang bai miƙo hannu ba. Baddu ya tashi ya ce bari ya duba wata igiya.

"Karɓi mana. Ko ita ma ta tsufa?"

"Baba... ka riƙe ta a wurinka."

"In riƙe? Kai wane irin yaro ne? Haka na koya maka?"

Hannun yaron ya tafi ƙugunsa da kansa, ya dafe wani abu a cikin zane. Wannan kam Pua Yambas ya gani, domin kusa suke. Ya tsaya. Ya cire murfin kwalbar da haƙori, ya tsiyaye man a tafin hannunsa har abin da ke ciki ya faɗo. Ya shafa shi da babban yatsa. Sassaƙen cibiyar Masagena a nannaɗe yake, mai laushi, ya san shi kamar yadda ya san haƙoran bakinsa. Wannan kuwa guntun ƙoƙon kwakwa ne, mai kaifi, irin wanda ake tsinta a bakin murhu.

Man yana bin hannunsa yana ɗiga a yashi.

"Tun yaushe?"

"Baba, Inna ce ta ce in ka..."

"Na ce tun yaushe?"

"Tun bayan ƙaramar salla."

Tun bayan ƙaramar salla! Kowace Juma'a yakan sauko da kwalbar nan daga ginshiƙi, ya ɗaga ta wajen haske, ya ga ɗan duhu a ciki, ya karanta abin da ubansa ya koya masa, ya tofa, ya mayar. Haderia tana zaune a gefe tana tsince shinkafa, wani lokaci har ta ce amin. Watanni yana yi wa ƙoƙon kwakwa addu'a a gabanta. Sauke shi da aka yi bai yi masa ciwo kamar wannan ba. Da idon nasa aka yi dabarar, an san ba zai gani ba, aka bar shi yana ta yi.

"Baddu," ya kira, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kai ma ka sani?"

Baddu ya dawo yana sosa ƙeya. "Yambas, na rantse maka ban so ba. Amma wa zai tunkare ka? Kai ne fa. Bara da na ce maka ka je a duba idon, wata guda ba ka amsa gaisuwata ba."

Kafin ya ba shi amsa, wani mai riga mai tambarin masu shirya tsere ya faɗo musu da makirufo a hannu, wani yana bin sa da waya yana ɗauka.

"Jama'a, ga shi nan! Ga Pua Yambas da kansa! Dattijon da ya riƙe Masagena lokacin da kowa ya watsar da nasa, yau kuma da hannunsa ya ɗauki sandar tuƙi ya damƙa wa ɗansa. Ɗan ya faɗa mana da safe, ya ce Baba ne ya sa mini albarka ya ce lokacina ya yi. Irin wannan ake so! Har ya biyo shi Majene don ya ƙara masa ƙarfi. Pua, ka ce wani abu."

Tafi ya tashi ta ko'ina. Aka kanga masa makirufo a baki. Ya ji Saharang ya daina numfashi a gefensa. Kalma ɗaya ta isa, duk gaɓar nan za ta san cewa yaron nan sata ya yi, kuma babu wanda zai sake hawa gora a bayansa. Ya dunƙule hannunsa a kan guntun ƙoƙon har ya soke shi.

"Allah ya kai su gida lafiya," ya ce. Aka amsa da amin, mai makirufo ya yi gaba.

Saharang ya matso. "Na gode, Baba. Baba, iskar yamman nan, yaya ka gan ta? In shiga ta jikin dutse ko in buɗe?"

"Ni da ba na gani?"

Ya juya zai tafi. Ya yi 'yan taku, iskar ta taɓa masa bayan wuya, mai ɗumi, tana zuwa tana yankewa. Ya tsaya ya ja tsaki, ya kira Baddu da hannu.

"Ka gaya wa matuƙinku ya buɗe sosai. Za ta faɗo daga kan dutse ba sallama. Kuma ka sa mai bakin nan a gorar dama, ya fi su nauyi."

"Ka gaya masa da kanka mana, ga shi nan."

"Da kai na yi magana. Kuma wannan ce shawarata ta ƙarshe."

La'asar ta yi sanyi lokacin da ganguna suka sake tashi a ƙauyen. Pua Yambas yana zaune a tsakar ɗaki, ya jingina da ginshiƙi, bai sauka bakin teku ba. Daga irin ihun ya san sun iso, kuma ba a rasa kowa ba. Ko ta nawa suka zo bai tambaya ba.

Haderia ta shigo da tire, ta ajiye masa jepa da miyar kifi, ta zauna nesa kaɗan. Ya ɗauko kwalbar da babu komai a ciki ya ajiye a gefen tiren, ya ɗora guntun ƙoƙon a kusa da ita. Ta daɗe tana kallonsu.

"Na san za ka gane," ta ce.

"Ba ki sani ba. Da kin sani da ba ki ce amin ba."

"Addu'ar ai ba ta ɓata ba. Allah ya san inda sassaƙen yake."

"Kada ki sa Allah a cikin wannan."

Ta share fuska da bakin mayafinta. "To me kake so in yi? Na ce maka idonka, ka ce hayaƙin murhuna ne. Na ce mu je asibiti, ka ce asibiti na marasa lafiya ne. In na bar kwalbar a hannunka, ka san ba za ka bayar ba, sai ka hau. Na gwammace ka yi fushi da ni kana zaune a nan, da in yi takaba, ko in bi gidajen mutane ina ba da haƙuri a kan 'ya'yansu."

"Da kin ɗauke ta gaba ɗaya. In tashi in ga babu, in yi faɗa, in san an yi mini. Amma kika zuba mini shara a ciki, kika zauna kina kallona."

A waje ana ta kiran sunan Masagena, ana kiran na Saharang, jefi-jefi har da nasa.

"Ka ci abincin, zai huce."

Ya jawo tiren, ya lalubi wainar ya gutsura, ya riƙe bai kai baki ba.

"Asibitin nan na Majene, har yanzu suna kankare yanar ido?"

Ta ɗago da sauri, muryarta ta washe. "Suna yi. Ranar Litinin likitan yake zama. Mijin maƙwabciyarmu Sapiah da aka yi wa, yanzu har allura yake... Za ka je? Alhamdu lillahi! In an yi, wa ya sani, baɗi ma sai ka koma kan..."

"Ba don jirgi ba. Jirgi ya tafi." Ya tsoma wainar a miya. "So nake in riƙa ganin mutanen da nake zaune da su."